Babanki Shina Gaishe Ki

Mutum na farko da na yi magana da shi a ƙasar Faransa mai sayar da tikiti ne a tashar jirgin ƙasa. Na gaishe shi da Faransancina mai kyau, wanda na yi shekara takwas ina koya wa yara a kwalej ɗin Buza, ya amsa da kalma ɗaya. Sai na ƙara da tambayar aiki, na tambayi iyali. Bawan Allah ya ɗago ya dube ni kamar na ce ya ara mini wandonsa. Mutanen da ke bayana a layi suka fara hura hanci. Ya ce, "Madam, ina za ki?" Na faɗi sunan garin, ya miƙo tikiti, idonsa ya riga ya koma kan na bayana. Na ja akwatina ina cewa a raina, to Rabi, kin kawo gaisuwa kasuwar da ba a sayenta.

Gaisuwa kuwa na kawo, ba wasa nake ba. Ni 'yar Tama ce. A wajenmu da an yanke hatsi an zuba a rumbu, sai maza su watse, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Aljeriya, gari ya koma na mata da tsofaffi. Da can kaset ake ɗauka a ba direba ya kai. Yanzu wokal ake yi, wato saƙon murya ta salula. Ni ce mai babbar salula a unguwarmu, duk hutun da na zo gida sai mata su cika mana tsakar gida: "Madam, ɗauka mini in aika ma yaron nan." Shekara da shekaru ina riƙe wa mata waya a bakinsu, har kunnena ya gane abin da ban je nema ba. Duk hanya ɗaya suke bi. Mace za ta yi sallama, ta faɗi ko ita wace ce, ko da ɗan da ta haifa take wa magana. Sannan ta isar da gaisuwar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, ba ta tsallake kowa. Sannan labarin ruwa da gona da garka, wato lambu, da bisashe. Sai can, bayan ta ce "sai dai", ta ajiye abin da ya kawo ta a taƙaice. Ta rufe da gargaɗi da addu'a.

A kan wannan na nemi bursu, wato tallafin karatu, ta shekara guda, na samu, na ajiye aikina. In memwar ɗina ya wuce, wato littafin binciken da ake rubutawa a ƙarshen karatu, in dawo da takarda. In bai wuce ba, in dawo hannu Rabbana, a ce da ma mun faɗa. Kafin in taho na bi matan gida-gida na roƙi izninsu. Gwaggo Hajo, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ta ce, "Tahi da muryata, ɗiyata. Amma kar ki bari a yi muna dariya." Na ce mata ba za a yi ba.

Ɗaki na samu a hawa na huɗu, a gidan wata tsohuwa 'yar Aljeriya da mijinta ya rasu, Tanti Zuhura. Ranar da na iso ba ta tambaye ni takarda ba, ta tambaye ni ko na ci abinci. Ta nuna mini alƙibla, ta ba ni wasu safa masu kauri na marigayin, ta ce in ajiye, lokacinsu na zuwa. Na yi dariya, don a lokacin rana ake yi. Bayan wata biyu da su nake kwana, da su nake salla.

Farfesan da aka haɗa ni da shi, ba zan faɗi sunansa ba, ni dai Mai Jan Biro nake ce masa. Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya san aikinsa. Darasinsa na farko sai da ya sa tsigar jikina ta tashi. Ya ce ba a auna magana ita kaɗai. A tara danginta, waɗanda hali iri ɗaya ya haifa, kamar jawaban jana'iza, ko jawaban shugabanni in sun yi laifi suna neman gafarar jama'a. A ga abin da suka haɗa, a ga abin da mai sauraro ya saba jira daga gare su. Sannan a ɗauko guda a aza ta kusa da dangin nata, a duba inda ta bi su da inda ta kauce, a tambayi dalili. Wannan shi ne nazarin magana ta hanyar irinta. Ina zaune a baya ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Na ce ashe abin da nake yi a tsakar gidanmu suna gare shi.

Da murnata na kai masa saƙonni ashirin da na rubuta na fassara. Bayan mako ya maido mini su, kai ka ce an yanka kaza a kai. Duk inda gaisuwa take ya ja mata jan layi daga sama har ƙasa, ya rubuta a gefe: a taƙaita.

Ya ce, "Wannan duk share fage ne, madam. Mutanen da can sun raba magana gida uku: ta gaban alƙali, ta majalisar shawara, da ta taron yabo ko zargi. Naki na shawara ne. Uwa tana son ɗanta ya aiko da wani abu ko ya dawo gida. Ki fara daga inda take cewa 'sai dai', can maganar take."

Na ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, "in ka yanke gaisuwar ka yanke saƙon."

Ya yi murmushi irin na likita ga mara lafiyar da ya zo da nasa maganin. Ya ce duk ɗalibi yana son kayansa, amma ba duk abin da aka ɗauka a waya ne ya zama abin nazari ba. Na fito ina tafasa. Kai da bakinka ka ce a tara dangin magana a ga abin da suka haɗa. Na tara, abin da suka haɗa ke nan, ka ce a zubar don bai shiga tukwanenka uku ba? Ban faɗa masa haka ba ranar. Baƙo makaho ne ko yana da ido, na ce bari in ga gari tukuna.

A nan Habibu ya shigo. Ɗan ƙasarmu ne, ɗan Yamai, shekararsa ta huɗu yana karatun dakta a hannun Mai Jan Biro. Ranar da ya ce mini "ƙanwata, sannu da zuwa" a bakin laburare, saura kaɗan in yi kuka, don wata biyu ban ji Hausa daga bakin mai rai a gabana ba. Ya dafa mini shinkafa da wake, ya nuna mini inda ake sayen kuɓewa busasshiya. Ya ce ya san halin tsohon, in ba shi saƙonnin ya taya ni gyara fassara yadda za su shiga. Na kwashe duka na ba shi, har da muryoyin. Wauta ce, na sani, amma kaɗaici ya fi yunwa sa mutum ya buɗe baki.

Ana cikin sanyin nan mai shiga ƙashi sai aka yi taron sashenmu, ɗalibai manya suna gabatar da aikinsu. Habibu ya hau, kwat da taye, ya ce zai yi magana a kan dabarun roƙo na iyayen 'yan ci-rani, daga binciken da ya yi a karkara. Karkara! Mutumin da ko Dogon Dutsi bai taɓa wucewa ba. Ya danna ordinata, wato kwamfuta, sai ga muryar Gwaggo Hajo ta cika ɗakin. Ya yanke kanta, ya yanke ƙafarta, ya bar tsakiya kawai, inda take cewa, "Sai dai, in ka samu hali, ka aiko mini da bargo mai hoton damisa, irin na Ta-Allah." Fassarar ta fito a allo. Ɗakin ya kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa yaro ce in ya faɗi abin ban sha'awa, kuma wallahi ita ta fi ci mini rai.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Wannan muryar Gwaggo Hajo ce, ni na riƙe mata waya. Ɗanta shekara shida yana Libiya bai zo ba, bai aiko ba, kunya ta hana shi ko kira. Kafin bargon nan ta yi minti huɗu tana jera masa sunayen mutanen gida, don ya san kowa na nan, kowa na ambatonsa, ba a fitar da shi daga lissafi ba. Bargo tana da shi har biyu. Ta roƙi ƙaramin abu ne, wanda ta san ko ɗan da ya kasa zai iya saye, don ya samu fuskar da zai amsa mata. Kuma ya amsa. Ku da kuka ji rabin magana, me kuke wa dariya?"

Mai Jan Biro ya ce za a duba zancen a ofis. Da aka fito Habibu ya tare ni a matakala, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwata, kin kunyata ni gaban Turawa."

"Kai ka kunyata tsohuwa gaban Turawa. Wa ya ba ka izni?"

"Ki yi hankali fa, nan ba Buza ba ce. Ki ba mutumin nan abin da yake so, ki karɓi takardarki ki tafi. Kowa haka ya yi."

Na ce, "An ce da ɗan gari akan ci gari, yau na gani da idona. Ka goge muryoyin nan, in ba haka ba har Yamai sai an ji."

Ya goge ko bai goge ba, Allah ne masani. An hana shi amfani da su dai. Amma daga ranar na zama fitinanniya a sashen. Mai Jan Biro ya kira ni ofis ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye. In na gyara aikin yadda ya ce, zai tsaya mini ranar sutnans, ranar da ɗalibi ke kare bincikensa gaban malamai uku. In na ƙi, ba zai hana ni shiga ba, amma ni kaɗai zan shiga, kuma shi ne zai fara jifa. Na ce na ji, na gode. Na koma ɗaki na mayar da duk layin da ya soke, har da tarin da tsofaffi suke yi a tsakanin suna da suna.

Abin da ya riƙe ni a watannin nan wokal ɗin Inna ne. Duk Juma'a da hantsi take aikowa, matar yayana Isa ke riƙe mata waya. "Salamu alaikum. Rabi, ni ta, Innarki. Babanki shina gaishe ki. Yayanki Isa shina gaishe ki, da matarshi, da ɗiyansu." Haka har kan jaririn da aka haifa bayan tahowata, shi ma wai yana gaishe ni. Baba kuwa bai taɓa yarda ya yi magana a waya ba, ya ce shi ba ya zance da ƙarfe. Amma kullum yana kusa, a kan buzunsa, kuma ba a taɓa gama saƙo bai jefo baki daga baya ba: "Ki ce mata ta riƙe salla." "Ki ce mata ta rufe kunnenta, an ce sanyinsu na kashe kunne." Inna ta ce, "To, kin dai ji shi." Nakan saurara sau biyar, sau shida, ina kuka ina dariya. Kewa ta ci ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Har warin garkar albasa da nake gudu ina yarinya sai da na yi marmarinsa.

Tanti Zuhura ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma in ina aiki a teburin kicin takan zauna tana gyaran wake tana saurare. Wata rana na sa wani saƙo sai ta ce, "Wannan faɗa take masa, ko?" Haka ne kuwa. Na sa wani, ta ajiye wuƙar hannunta ta ce, "Wannan an yi mutuwa, ba ta son ya sani." Na dube ta baki buɗe. Ta ce da tana amarya a ƙauyensu na kan dutse, mijinta yana aikin masana'anta a nan, ita ma kaset take ɗauka. Ta ce, "Mai ɓoye mutuwa ba ta tsayawa a kan mutane, 'yata. Gudu take ta wuce su ta tafi gona, ta daɗe a can."

Abin da na sani ne, amma sai da ta faɗa na ga cewa shi ne ƙashin bayan aikina. Ni da hannuna na sha riƙe wa mata waya suna ɓoye wa 'ya'yansu rasuwa, don kar yaro ya ruɗe ya kamo hanyar hamada ba shiri, ko ya bar aikin da gida duka ke ci daga gare shi. Na ga hawaye na zuba murya ba ta rawa. Kuma ban taɓa jin ko ɗaya ta ce mamaci yana gaisuwa ba. Mace a wajenmu za ta ɓoye, amma ba za ta sa gaisuwa a bakin wanda ke kabari ba. Mai lafiya, a ce yana gaishe ka. Mara lafiya, a ce yana gaishe ka, da sauƙi. In wani ya rasu ana ɓoyewa, sai a daina jera suna gaba ɗaya, a dunƙule kowa a ce mutanen gida duk suna gaishe ka. Wanda bai san yadda irin wannan saƙo ke tafiya ba, ba zai ga gurbin ba. Na rubuta babi guda, na huɗu, a kan haka. Mai Jan Biro ya rubuta a gefensa: zato ne, ina hujja?

Wajen ƙarshen sanyi Inna ta fara cewa, "Babanki shina gaishe ki, da sauƙi." Na kira, aka ce tari ne, an kai shi likita Madawa an dawo. Amma ina jin muryarsa a baya, ta yi siriri, yana cewa a ce mini kar in yi wasa da abinci. Na ci gaba da rubutu.

An sa mini sutnans ranar Talata, farkon damina a gida. Juma'ar da ta gabace ta, da hantsi, ina shan shayi a kicin, saƙon Inna ya shigo. Na danna.

"Salamu alaikum. Rabi, ni ta, Innarki. Ina gajiya, ina karatu, ina baƙunta? Mutanen gida dut suna gaishe ki, babba da yaro. An yi ruwa, ruwa mai kyau, har ƙorama ta kawo. An shibka gonar tudu, yayanki Isa shi yaj ja sungumi, mata na bi. Ta fadama sai ƙasa ta sha iska. Akuyar nan ja ta haihu, biyu, mace da namiji. Rijiyar garka ta rushe gefe guda, an ce za a gyara. Ki yi karatunki, kar ki sa komi ga ranki. Allah shi ba ki sa'a. Allah shi ba mu haƙuri baki ɗai."

Sau ɗaya na saurara. Babu suna ko ɗaya a gaisuwar. Babu "sai dai". Babu wanda ya ce a ce mini komai daga baya. Kuma tun da nake, Baba bai taɓa barin wani ya fara saran shuka a gonar tudu ba, ko da zazzaɓi yake. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tanti Zuhura tana tsaye bakin murhu, ta kashe wutar, ta zo ta zauna kusa da ni ta riƙe mini hannu. Ba ta tambaye ni komai ba. Na yi kuka har muryata ta dishe. Da la'asar ta kira maƙwabtanta mata biyu, suka zo da kuskus, suka zauna da ni a ƙasa muka yi wa Baba addu'a. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na yarda.

Ban kira gida ba. Sau nawa na ɗauki wayar na ajiye. In na kira, ko dai Inna ta yi mini ƙarya, abin da ta kauce wa da dukan ƙarfinta, ko ta faɗa, aikin da ta yi ya rushe. Matar nan tana cikin takaba ta daure ta zauna gaban waya ta yi mini labarin akuya, don in gama abin da ya kawo ni. Ta yi nata, saura nawa. Na zauna na rubuta saƙon, na fassara shi, na jera shi kusa da nata guda uku daga cikin na baya. Na yi ta juya abin a raina, ko daidai ne in kai shi gabansu. Amma Inna ce ta fara ba ni izni tun kafin kowa, ta ce muryarta tawa ce. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar Talata na sa zanen da Baba ya saya mini a kasuwar Tama, na shiga. Malamai uku a tebur: Mai Jan Biro, da wani matashi, da wata farfesa mai furfura da aka gayyato daga wata jami'a, ita ce shugaba. Habibu yana can baya ya harɗe hannu. Tanti Zuhura ta zo da jakarta ta zauna a gaba kamar ita ta haife ni. Na yi bayanina. Mai Jan Biro ya cika alkawarinsa, shi ya fara jifa. Ya ce aikin yana da ƙoƙari, amma kashi biyu cikin uku gaisuwa ce da ake maimaitawa, kuma babin da ɗalibar ta fi ji da shi zato ne kawai.

Na ce, "Ina roƙon minti biyu." Na raba musu fassarar, na sa muryar Inna. Da ta ƙare na ce, "Wannan ya zo mini ranar Juma'a. Me uwar nan ta gaya wa 'yarta?"

Matashin ya duba takarda ya ce kowa lafiya, an yi ruwa, an yi shuka, tana mata fatan alheri. Mai Jan Biro ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Shi ne abin da nake faɗa. Babu buƙata, babu hujja, babu abin da take son a yi. Sada zumunci ne kawai."

Na miƙa musu ɗaya takardar, mai saƙonni huɗu a jere. Na ce su dubi layi na biyu a kowane. Babanki yana gaishe ki. Babanki yana gaishe ki, da sauƙi. Babanki yana gaishe ki, da sauƙi. Mutanen gida duk suna gaishe ki. Na nuna musu inda murya takan shigo daga baya a ukun farko, da inda ba ta shigo ba a na huɗu. Na nuna musu wanda ya ja sungumi.

Na ce, "Mahaifina ya rasu. Ba wanda ya gaya mini. Saƙon nan yana da buƙata, mushe, babba ma: tana so in zauna in gama, kuma ba ta so ta yi mini ƙarya. Ta samu duka biyun. Da na bi jan bironka na fara daga 'sai dai', da ba abin da zan nazarta, don babu 'sai dai' a ciki. Hanyar da ka koya mana daidai ce. Kai ne ka ƙi bin ta har ƙofar gidanmu."

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce a hankali, "Madam, ina fatan kin yi kuskure. Amma ko yanzu ba ki tabbatar ba. Kin kira su?"

Na ce, "Ban kira ba. Kuma ba zan kira uwata a gabanku don in ci jarrabawa ba. Takaba take. Ku ba ni abin da kuka ga dama."

Farfesar mai furfura ta cire tabarau ta daɗe tana kallon takardar. Tambaya ɗaya ta yi mini, ita ma ba a kan Baba ba: ta ce yaushe mace ke koyon wannan tsari, wa ke koya mata? Na ce ba mai koya mata, tana yarinya take zaune gefen uwarta ana ɗaukar kaset. Suka fitar da mu, suka yi shawara, suka daɗe. Na wuce. Ba da babban yabo ba, kuma Mai Jan Biro ya sa an rubuta a rahoto cewa babi na huɗu yana bukatar ƙarin tabbaci. Bai ce in zo in yi dakta a hannunsa ba, ni ma ban roƙa ba. Amma memwar ɗin yana laburarensu yadda na rubuta shi, da sunan kowa, da tarin kowa, da minti huɗun Gwaggo Hajo cif.

Ban tsaya shan lemon da aka ajiye ba. Na fita bayan ginin, na zauna kan wani benci a rana, na kira lambar Isa. Na ce ya ba Inna.

"Rabi? Kin ƙare?"

"Na ƙare, Inna. Na ci."

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi." Na ji ta ja numfashi. "To, ɗiyata, ki zamna, akwai magana."

"Zamne nike, Inna. Allah shi jiƙan Baba. Allah shi sa ya huta. Ya haƙuri?"

Sannan ta ce, "Wa ag gaya miki? Isa na?"

"Ba wanda yag gaya mini. Ke ta."

"Ni? Ni ban ce komi ba."

"Ba ki ce ba, Inna."

Sai a lokacin ta yi kuka, ni ma na yi. Ta ce ranar Laraba ne, bayan azahar, ruwan shuka na sauka. Ta ce shi ya hana a faɗa mini, da bakinsa, ya ce a bar yarinya ta ƙare abin da ta je yi.

Can ta share murya ta ce, "To, tsaya in gaishe ki yadda ya kamata, ranar nan ban yi ba." Ta sake sallama, ta ce ita ce, Innata. Sai ta yi shiru, daidai tsawon wurin da gaisuwarsa take zama. Na bar mata wurin. Sannan ta ce, "Yayanki Isa shina gaishe ki," ta ci gaba da jerawa har kan jariri.